Yadda Ƙananan Na'urorin Lantarki Ke Gane Shigar Abin Sauraro na Kunne

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar rediyo ko wayar hannu ya san cewa da zarar an cusa filogin abin sauraro na kunne, wanda jama'a ke kira iyafis, sai lasifika ta yi shiru, sauti ya koma kunne. Idan aka zare shi kuwa, sai sautin ya dawo waje. Saboda sabo, ba kasafai akan tsaya a tambayi yadda na'urar ta san an cusa mata wani abu ba, sai ranar da abin ya ɓaci: waya ta nuna alamar iyafis alhali kuwa babu kome a raminta, mai ita ya amsa kira bai ji muryar mai magana ba.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyoyin da ake bi a gina wannan ganewa, tun daga hanyar farko ta ɗan ƙarfe mai lanƙwasa har zuwa awon lantarki da ake yi a wayoyin zamani. Sa'an nan za a duba dalilan kuskure, da abin da malamin kimiyya da fasaha zai iya amfana da shi a aji.

Domin sauƙin bayani, za a yi amfani da waɗannan kalmomi. Turjiya ita ce tirjewar da abu kan yi wa gudanar lantarki, ana auna ta da om. Matsi shi ne ƙarfin da ke tura lantarkin, ana auna shi da bolt. Razista kuwa ɗan kayan aiki ne da aka ƙera shi da turjiya sananniya.

2.0 Asalin Filogi da Fasalinsa

Wannan filogi ya samo asali ne daga ɗakunan haɗa wayar tarho na ƙarshen ƙarni na 19, inda ma'aikata kan haɗa mai kira da wanda ake kira da hannu. Kaurin filogin wancan lokaci milimita 6.35 ne, kuma har yau ana amfani da irinsa a kayan kiɗa. Da rediyon transisto ta fito a shekarun 1950, sai aka ƙera ƙarami mai kaurin milimita 3.5. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da rakodar Walkman, wadda ta yaɗa wannan ƙaramin filogi a duniya.

Idan aka dubi filogin da kyau za a ga baƙaƙen layuka sun raba ƙarfensa gida-gida. Gidan da ke can tsini shi za mu kira kai, na tsakiya zobe, na kusa da roba kuwa gindi. Mai gida biyu, watau kai da gindi, na kunne ɗaya ne. Mai gida uku yana ɗauke da sautin hagu a kai, na dama a zobe, gindi kuwa shi ne layin komawa wanda kunnuwan biyu suka yi tarayya a kansa. Mai gida huɗu an ƙara masa layin makirufo.

3.0 Hanya ta Farko: Makunnin Ƙarfe

A tsofaffin rediyoyi da rakodojin kaset babu wata ƙwaƙwalwa da ke yanke shawara. A cikin soket akwai ɗan ƙarfe mai tsalle wanda yake manne da wani ƙarfen muddin ramin babu kome. Sautin da ya fito daga amfilifaya yakan bi ta wannan mahaɗa ya isa lasifika. Idan filogi ya shiga sai ya ture ɗan ƙarfen gefe, mahaɗar ta buɗe, hanyar lasifika ta yanke, sautin ya bi ta jikin filogin zuwa kunne.

Wannan hanya tana da araha, ba ta kuma cin batir. Amma tana da naƙasu biyu. Na farko, dukkan sautin lasifika ta wannan 'yar mahaɗa yake bi, saboda haka tsatsa kaɗan ta isa ta sa rediyo ta riƙa ƙarƙara ko ta yi shiru ɗungum. Na biyu, sauran sassan na'urar ba su san abin da ya faru ba. Ba za su iya rage ƙarfin sauti ko tsayar da kaset ba, domin babu labarin da ya iso gare su.

4.0 Hanya ta Biyu: Ƙafar Ganewa

A wayar hannu an raba aikin biyu. Soket yana ba da labari ne kawai, ƙwaƙwalwar wayar ita ke sauya hanyar sauti. An ƙara wa soket ƙafa ɗaya wadda ba ta ɗaukar sauti, za mu kira ta ƙafar ganewa. A tsarin da ya fi yawa, akan haɗa wannan ƙafa da matsin lantarki, misali bolt 1.8, ta cikin razista mai babbar turjiya. Muddin ramin babu kome, ƙwaƙwalwa tana ganin matsin a sama. Da filogi ya shiga sai ya buɗe wa lantarkin hanyar zuwa layin komawa, matsin ya faɗi kusa da sifiri. Wannan faɗuwa ita ce labarin.

Akwai wahala guda a nan. Mutum ba ya cusa filogi a ƙiftawar ido ɗaya. Yayin shiga, kan filogin yakan goga kowace ƙafa ta soket kafin ya kai mazauninsa, ƙarfe kuma yakan yi 'yar rawa kafin ya natsu. Maganin da injiniyoyi suka samo iri biyu ne: a sanya ƙafar ganewa a can ƙuryar rami, yadda ba za ta motsa ba sai filogi ya gama shiga, sa'an nan a sa ƙwaƙwalwa ta dakata ɗan lokacin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ta sake dubawa kafin ta gaskata.

5.0 Gane Irin Abin da Aka Cusa

5.1 Da makirufo ko babu

Ƙaramin makirufon iyafis ba ya aiki sai an ba shi lantarki. Waya takan aika masa da matsi na wajen bolt 2 ta cikin razista, galibi mai om 2,200. Wannan shiri shi ne kuma ma'aunin ganewa. Idan filogi mai gida uku ne, dogon gindinsa zai haɗe ƙafar makirufo da ƙafar komawa, matsin ya zama sifiri, waya ta gane babu makirufo, ta ci gaba da amfani da nata. Idan mai gida huɗu ne, makirufon zai sha wani kaso na lantarkin, matsin ya tsaya a tsakani.

5.2 Maɓallai

Maɓallan da ke jikin igiyar iyafis ba su da layin kansu, layin makirufo suke ara. Kowane maɓalli yana sauya turjiyar layin zuwa wani adadi na musamman. A ƙa'idar da aka tsara wa wayoyin Android, maɓallin amsa kira da tsayar da sauti om 0 ne, na ƙara sauti om 240, na rage sauti om 470, na kiran mataimakin murya kuwa om 135. Mu ɗauka matsin bolt 2.2 ne, razistar kuma om 2,200. Lissafi zai nuna cewa danna maɓallin ƙara sauti zai ba da kimanin bolt 0.22, na ragewa kimanin bolt 0.39, na mataimaki kimanin bolt 0.13. Ashe ke nan abin da waya ke yi shi ne auna matsi, ta duba wane gurbi ya faɗa. Daga nan za a gane dalilin da ya sa iyafis mai ɓallalliyar waya a ciki yakan riƙa tsayar da waƙa ko yanke kira da kansa: duk lokacin da layukan biyu suka taɓa juna, waya gani take an danna maɓalli.

5.3 Tsari biyu masu saɓani

Masu ƙera waya ba su haɗu a kan jerin gidaje huɗun nan ba tun farko. A tsarin CTIA, wanda Apple da yawancin wayoyin Android suka bi, zobe na biyu shi ne layin komawa, gindi kuwa makirufo. A tsarin OMTP, wanda tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson suka bi, an juya su. Idan aka haɗa iyafis na wani tsari da wayar ɗaya tsarin, sautin kunnuwa sai ya bi ta cikin makirufo kafin ya koma. Sakamakon haka sauti kan yi rauni, muryar mawaƙi ta kusa ɓacewa, amma da an danna maɓallin amsa kira an riƙe sai kome ya daidaita. Wannan alama ce da mai gyara ya kamata ya sani, domin babu abin da ya lalace. Wasu wayoyi suna da ɗan guntun lantarki da ke gwada ƙafafun biyu ya juya su da kansa.

6.0 Abin da Ya Rataya a kan Ganewar

Na farko shi ne lafiyar ji. Iyafis na yau da kullum turjiyarsa om 16 ce ko 32, kuma a cikin kunne yake zaune, don haka ƙarfin da ya dace da lasifika ya yi masa yawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya sun fitar da ƙa'idar da ta shawarci baligi kada ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Waya ba za ta iya yin gargaɗi a kan haka ba sai ta san iyafis ne a jikinta.

Na biyu shi ne sirri. Idan igiya ta fizge ana cikin sauraron saƙon murya, ganewar ce ke sa a tsayar da shi kafin ya fito a bainar jama'a.

Na uku ya shafi ƙasar Hausa ƙwarai, inda sauraron rediyo ya zama jiki. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, inda tsawon zango ya kai wajen mita uku. Eriyar da ta dace da shi, watau rubu'insa, kimanin santimita 75 ce, ba za ta shiga cikin waya ba. Shi ya sa wayoyi da yawa ke aron igiyar iyafis a matsayin eriya, kuma ba sa buɗe rediyo sai ƙafar ganewa ta shaida an cusa shi.

7.0 Dalilan Kuskure

Babban abokin gabar wannan da'ira shi ne datti mai laima. Ƙurar hunturu takan taru a ramin soket, gumi ko danshin damina ya jiƙa ta, ta zama hanyar lantarki. Ga misali: idan razistar ƙafar ganewa om miliyan ɗaya ce a kan bolt 1.8, dattin kuma ya ba da turjiyar om 200,000, matsin zai faɗi zuwa bolt 0.3. A wurin ƙwaƙwalwa wannan daidai yake da shigar filogi. Nan ne waya ke maƙalewa a yanayin iyafis. Akasin haka ma yakan faru, inda zaren aljihu ya dunƙule a ƙuryar rami ya hana filogi isa ƙafar ganewa, sauti ya ci gaba da fita ta lasifika.

Injiniyoyi kan rage wannan ta hanyar gwaji na biyu, watau auna turjiyar layin kunne. Idan ba a sami ƙaramar turjiya irin ta iyafis ba, sai a yi watsi da labarin farko. Ga mai waya kuwa, abin yi shi ne a kashe ta, a share ramin da busasshen abu wanda ba ƙarfe ba, a bar shi ya bushe, kafin a yi maganar sauya soket.

8.0 Bayan Tafiyar Soket

A 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 ba tare da soket mai milimita 3.5 ba, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu a manyan wayoyinsu. Bukatar ganewa ba ta kau ba, wurinta ne ya sauya. A iyafis mai shiga ramin USB-C, galibi akwai guntun lantarki a cikin filogin da ke gabatar da kansa ga waya ta hanyar saƙon lambobi. A marasa igiya masu amfani da Bluetooth kuwa, tambayar ta zama ko abin yana cikin kunne, ana kuma gane haka da ɗan idon haske ko ma'aunin taɓawar fata. Duk da haka, soket na da yana nan a ƙananan wayoyi masu araha da rediyoyi da kwamfutoci da yawa.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ganewar ta taso daga ɗan ƙarfe mai yanke hanyar lasifika, zuwa ƙafar da ke ba da labari, zuwa awon matsi da ke bambance makirufo da maɓallai. Dukkan matakan awon nan a kan ƙa'ida ɗaya suka tsaya, watau rabon matsi tsakanin turjiya biyu, wadda ke cikin darasin lantarki na makarantun sakandare.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce a kai tsohon iyafis da mitar awo aji. Ɗalibi ya auna tsakanin kai da layin komawa ya sami wajen om 32, ya auna tsakanin kai da zobe na farko ya sami ninkinsa, sa'an nan a tambaye shi dalili. Wanda ya gano cewa kunnuwan biyu ne suka jeru a hanya ɗaya, ya fahimci haɗin jere da hannunsa, kuma da kayan da kusan kowane gida ke da su. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su turjiya da matsi da ƙafar ganewa, shawara ce kawai, ina kuma roƙon masana harshe da ke wannan taro su duba su, su gyara inda ya dace.