Bulon kumfa ko katako: gaskiya da ƙarin gishiri

A Suwidin, wanda ya yi niyyar gina gidansa da hannunsa sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko katako, wanda da shi aka yi akasarin ƙananan gidajen ƙasar, ko bulon kankare marar nauyi mai ƙananan ramukan iska a ciki. Masu goyon bayan kowanne suna da labarin tsoratarwa a kan ɗayan. Yawancin labaran suna da tushe, sai dai an ɗora su inda ba wurinsu ba.

Bulon ɗan ƙasar ne. Masanin zanen gini Johan Axel Eriksson ya ƙirƙiro shi a shekarun 1920, aka fara sarrafa shi a Yxhult a 1929, inda sunan kasuwancinsa, Ytong, ya samo asali. Ana kwaɓa yashi mai laushi da farar ƙasa da siminti, a zuba garin alminiyom kaɗan, sai kwaɓin ya kumbura kamar ƙullin burodi, sannan a dafa shi da tururi mai tsananin zafi. Kankaren da muka sani yakan kai kilo 2,400 a kowace mita kubik, wannan kuwa da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haka.

Zargi mafi nauyi shi ne wai yana jawo ciwon daji. A da, akwai gaskiya a ciki. Daga 1929 zuwa 1975 an yi wani nau'i mai launin shuɗi-shuɗi da wani dutse mai ɗauke da yuraniyom, kuma yana fitar da iskar radon, wadda ke haddasa dajin huhu. Gidajen da aka yi da shi suna nan birjik, ana kuma auna iskarsu. Amma bulon yau da yashi ake yin sa. Wanda ya guje shi saboda radon ya kuma san cewa iskar tana tasowa daga ƙasar da ke ƙarƙashin gida, ba ruwanta da ko bangon katako ne.

Sai batun Ingila, inda a 2023 aka rufe gine-gine a makarantu fiye da 100 don gudun ruftawa. Abin da ya jawo matsalar fale-falen rufi ne masu rodi a ciki, waɗanda aka kafa tun daga shekarun 1950, ruwa ya yi ta yoyo har rodin ya yi tsatsa. Ba bulon bango ba ne. Duk da haka akwai abin lura: kayan nan na shan ruwa. Sai an yi masa shafen da ke barin danshi ya fita, kuma sabon bango yakan daɗe kafin ya bushe sarai.

Katako kuwa gobara ake jingina masa, kuma ba a banza ba. A rana ɗaya cikin Yunin 1888 garuruwan Sundsvall da Umeå suka ƙone. Tun 1874 doka ta hana gidan katako wuce hawa biyu a birane, ba a sassauta ba sai 1994. Gaskiya ne bulon kumfa ba ya cin wuta. Amma babban gungume ba ya ƙonewa farat ɗaya: bayansa ne ke zama gawayi, ƙasa da milimita ɗaya a minti, gawayin kuma ya kare cikinsa. Siraran katakon bango ana lulluɓe su da allunan jifsam. Da wannan sani aka gina Sara Kulturhus da katako a Skellefteå, mai hawa 20, aka buɗe a 2021.

A ganina ba wuta ce abin tsoron mai gidan katako ba, ruwa ne. A shekarun 2000 an gano gidaje masu yawa da aka yi wa shafe kai tsaye a kan abin tare sanyi ba tare da barin hanyar iska ba, ruwa ya shiga ta gefen tagogi, katako ya yi funfuna ya ruɓe a ɓoye.

To, wanne ya fi sauƙi ga wanda ba magini ba? Masu bulo sukan ce da zarto ake yanka shi, kuma haka ne. Abin da ba sa faɗa shi ne kaurin manninsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, saboda haka in layin farko ya karkace babu inda za a gyara. Ƙusa ta gama-gari ba ta riƙe kaya mai nauyi a jikinsa. Kuma kafin ya tare sanyin hunturu kamar bangon katako da aka cusa wa audugar dutse, sai an ƙara masa kauri sosai, wanda ke cin filin ɗaki.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi kada ya ɗauki wannan awo yadda yake, domin kafintan Suwidin bai san gara ba. Can ma dai ginin kai ba sakaka yake ba: sai da izinin ƙaramar hukuma da mai sa ido mai takardar shaida, wayoyin lantarki kuma sai kamfani mai rajista.