Aljihun da Ke Cikin WhatsApp

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Tudun Hatsi a nan Gombe lokacin kaka ya san yadda lissafi ke tashi kamar ƙura. Mota na sauke masara, wani na ciniki kan buhun wake, dillali na kira a waya, shi kuma mai kaya yana laluben biro. A ƙarshe sai a rubuta a bayan kwalin sukari ko a tafin hannu, kafin la'asar alwala ta wanke shi.

Alhali maganin yana cikin wayar da ke hannunsa. Tun ƙarshen shekarar 2022 WhatsApp ya buɗe wa mutum hanyar tura wa kansa saƙo. Ka taɓa alamar fara sabuwar hira, za ka ga lambarka ce a saman jerin sunaye. Shiga kawai, ka rubuta. Kafin nan dabara ake yi: mutum ya buɗe guruf, ya saka ƙaninsa, ya cire shi, ya zauna shi kaɗai. Telegram kuwa ya riga WhatsApp da shekaru, da wurin ajiyar da ya kira Saved Messages.

A ganina, babban alherin abin shi ne saƙon murya. 'Yan kasuwarmu da yawa lissafinsu ya fi na kwamfuta kaifi, amma rubutun boko yana ba su wahala. Irin wannan bawan Allah zai danna makirfo ya ce, "Buhu goma sha biyu na ba wane, ya biya kuɗin takwas, saura huɗu zuwa Juma'a." Shi ke nan, maganar ta zauna da ranarta da lokacinta. Haka hoton rasit ɗin mai POS, wanda tawadarsa ke gogewa cikin 'yan makonni, da awon da tela ya ɗauka, da sunan maganin da likita ya rubuta wa Inna. Ɗalibar Jami'ar Jihar Gombe ma tana iya tura takarda daga waya, ta ɗauke ta a kwamfutar da ta haɗa da WhatsApp ɗinta. Idan ka maƙale hirar a sama, ba za ta nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da bidiyon guruf ɗin dangi ba.

Sai dai aljihu ne, kuma aljihu ana yankansa. Gaskiya ne saƙonnin a kulle suke tafiya, kamfanin ma ba ya karanta su. Amma wanda ya fizge wayarka a cikin Keke, in ba ta da makulli, ai ya shiga ɗakinka. Na sha ganin mutum ya jera lambar sirrin katin banki, da BVN, da NIN, har da hoton katin gaba da baya, duk a wuri guda. Wannan kam shimfiɗa wa ɓarawo tabarma ne. Lambar sirri a ka take zama.

Matsala ta biyu, saƙonnin a cikin wayar suke zaune. Ta faɗa ruwa ko ta ɓata, sun tafi, sai fa in ka kunna ajiyar Google Drive, ko iCloud ga masu iPhone. Shiga saitin hira ka duba ranar da aka yi ajiya ta ƙarshe. Wani zai tarar tun kafin azumin bara ce.