Malami a Aji, Ɗalibi a Gari: Rayuwar Malaman Sa-kai na Ƙetare a Makarantun Karkarar Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta dubi rayuwar matasan da suka baro ƙasashensu, musamman Amurka, suka zo koyarwa a ƙananan garuruwan Nijar da Arewacin Nijeriya tun daga shekarar 1961. Ta bayyana yadda aka ɗauko su, da irin zaman da suka yi, da matsayin da harshen Hausa ya ba su a cikin aji da wajensa, sannan da tasirin wannan zama a kan nazarin Hausa na zamani.

1.0 Gabatarwa

A yau idan aka ce "ɗan sa-kai" a Zamfara ko Katsina, abin da ke fara faɗowa a rai shi ne mutumin da ya saɓi bindiga don tsaron ƙauyensu. Maƙalar nan ta riƙi ma'anar kalmar ta asali ne, wato wanda ya sa kansa wani aiki ba don albashi ba. Irin wannan aiki a ƙetare ya samu tsari a ƙarshen mulkin mallaka. A Ingila, Alec Dickson da matarsa Mora sun kafa ƙungiyar VSO a 1958. A Amurka kuwa, Shugaba John F. Kennedy ya sa hannu kan umarnin kafa Peace Corps, wato Rundunar Zaman Lafiya, ranar 1 ga Maris, 1961, ya damƙa shugabancinta ga Sargent Shriver. Dokar rundunar ta ɗora mata manufofi uku: samar da ƙwararrun ma'aikata ga ƙasashen da suka nema, da sa mutanen ƙasashen su fahimci Amurkawa, da sa Amurkawa su fahimci sauran al'ummu. Zamanin yaƙin cacar baka ne, don haka tun farko akwai masu yi wa matasan kallon 'yan leƙen asiri.

Rukunin farko ya iso Nijeriya a 1961, kuma bai shigo da ƙafar dama ba. A watan Oktoba wata budurwa daga cikinsu, Margery Michelmore, ta rubuta katin gaisuwa zuwa gida tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan, aka yi zanga-zanga, ita kuma ta bar ƙasar. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967 ya raunana shirin, har aka rufe shi a shekarun 1970. A Nijar ne ya daɗe: an fara a 1962 da mutum bakwai masu koyar da Ingilishi, aka ci gaba har kusan shekara hamsin, inda sama da mutum 3,000 suka yi aiki a fannonin ilimi da noma da kiwon lafiya.

2.0 Zaman gari

Wa'adin aikin shekara biyu ne, bayan horo na kimanin wata uku. Da farko a jami'o'in Amurka ake horon, daga baya aka mayar da shi ƙasar da za a yi aikin. A Nijar garin Hamdallaye da ke kusa da Yamai ya zama sansanin horarwa, inda ake raba sababbin zuwa ga gidajen mutanen gari su koyi Hausa ko Zabarmanci. Ana ba ɗan sa-kai kuɗin guzuri gwargwadon abin da zai ci ya sha kamar takwaransa ɗan ƙasa, sannan a ajiye masa wani abu a gida, wanda a shekarun farko dala 75 ta Amurka ce a kowane wata.

"Makarantar karkara" a nan tana buƙatar bayani. Ana fara koyar da Ingilishi a Nijar ne a ƙaramar sakandare mai aji huɗu, wadda ake kira CEG, kuma a wancan lokaci irin waɗannan makarantu suna hedikwatocin gundumomi ne, kamar Magarya da Madawa da Tasawa. Yaran kuwa daga ƙauyuka ake kwaso su, a sauke su a gidajen dangi ko na wanda ya yarda ya riƙe su. Saboda haka malamin yana zaune a ƙaramin gari mai kasuwar mako da gidan waya, amma ɗalibansa 'ya'yan manoma ne da makiyaya, da yawansu su ne na farko a gidajensu da suka taɓa riƙe alli a makarantar boko. Lokacin samun mulkin kai a 1960, yaran Nijar da ke makaranta ba su kai kashi biyar cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba.

Wahalhalun jiki sanannu ne, ba su buƙatar dogon bayani: ɗakin ƙasa, ruwan rijiya, fitilar kananzir, zazzaɓin cizon sauro da gudawa, da wasiƙar da kan yi makonni a hanya. Ana buɗe makaranta a Oktoba da kaka, a ratsa ƙurar hunturu, a shiga bazara lokacin da zafi kan haura maki 40 a Afrilu da Mayu, a tashi hutu da faɗuwar damina. Abin da ya fi wuyar sabo shi ne zama da jama'a. Matashin da ya taso a al'adar da ke ganin rufe ƙofa haƙƙin mutum ne, sai ga shi a garin da wanda ya keɓe kansa ake ɗauka ko ba shi da lafiya ko yana fushi da mutane. Yara na leƙe ta katanga suna kiran "anasara", maƙwabta na sallama tun da hantsi, kuma dole ya koyi cewa gaisuwa ba a gaggauta ta, ana tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki kafin a zo ga abin da ya kawo mutum. Galibi akan raɗa masa sunan Hausa, a ba shi maigida mai kula da lamarinsa. Mata daga cikinsu sun samu wata dama da mazan ba su samu ba: suna shiga cikin gida wurin matan aure, kuma saboda baƙuncinsu da aikinsu ana barin su su zauna a majalisar maza.

3.0 Harshe a kasuwa da harshe a aji

Hausar da aka koya wa na farko-farkonsu ta littafi ce, mai bin karin Kano, irin wadda ke cikin darussan da Carleton Hodge da Ibrahim Umaru suka shirya wa ma'aikatan jakadancin Amurka a 1963. Wanda aka tura Adar ko Gobir sai ya tarar ana cewa "tahi" inda ya koyi "tafi", da "hwara" inda ya koyi "fara", da "shi zo" a maimakon "ya zo". Ga kuma kalmomin aro daga Faransanci: makarantar da yake koyarwa "lakwal" ce, shi kansa kuma "mushe" ne, kalmar da Bahaushen Nijeriya zai ji ta ya yi dariya, domin a wurinsa mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Lissafin kuɗi ma wani aji ne mai zaman kansa, tun da ana ƙirga sefa ne da dala, kowace dala tana daidai da sefa biyar. Idan mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jika kuma sefa 1,000. Malamin da ya yi digiri sai ya tsaya gaban yarinya mai talla yana ƙirga da yatsu.

A cikin aji lamarin ya juye, kuma a nan ne rikicin matsayin wannan malami ya fi bayyana. Yaron da ke gabansa Hausa ya sha a nono, ya yi karatun allo da Larabci, aka koya masa boko da Faransanci tun daga ranar farko, yanzu kuma ga Ingilishi a matsayin harshe na huɗu. Tsarin makarantar da Faransa ta bari bai ba Hausa gurbi ba. Akwai ma al'adar nan ta "sambol", wato wani abu da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida, ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa, wanda abin ya kwana a hannunsa ya sha horo. Ke nan baƙon da ke kwana yana haddace kalmomin Hausa, shi ne da safe zai shiga harabar da ake hukunta Bahaushe saboda ya yi Hausa. Makarantun gwaji masu fara koyarwa da harshen uwa ba su samu ba sai 1973, lokacin da aka buɗe ta farko a Damagaram, shekara bakwai bayan taron Bamako na 1966 da ya tsara rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa.

Duk da haka Ingilishi yana da kasuwa a garuruwan bakin iyaka. Ɗan Magarya ko Maraɗi ko Birnin Ƙonni yana ganin fatake na zuwa Kano da Katsina da Sakkwato, yana da dangi a can, ya san harshen zai yi masa rana. Wannan ya sauƙaƙa wa malamin jawo hankalin ɗalibai. Abin da bai zo masa da sauƙi ba shi ne riƙon aji. Ɗalibai sun saba da malami mai bulala da haddar darasi. Wanda ya zo yana wasa da dariya, yana neman su yi masa gardama, sai su ɗauke shi mara kwarjini. Abokan aikinsa 'yan ƙasa su ma suna da abin cewa, kuma da gaskiyarsu: baƙon ba ya ciyar da kowa da guzurinsa, idan ya yi ciwo mota za ta zo ta ɗauke shi zuwa Yamai, bayan shekara biyu zai koma gida, su kuwa nan za su tsufa suna jiran albashin da kan yi jinkiri.

4.0 Abin da nazarin Hausa ya samu

Auna abin da ɗalibai suka ƙaru da shi abu ne mai wuya, domin malamin da ke tafiya daidai lokacin da ya fara gane ɗalibansa ba ya barin tsari mai ɗorewa, sai dai tasiri a kan ɗaiɗaikun yara. Ribar da ta koma ɗaya ɓangaren kuwa a rubuce take, tana kan kantocin ɗakunan karatu. Paul Newman yana cikin rukunin farko na 1961, ya koyar a sakandare a Maiduguri, kuma a can ya fara sha'awar harsunan Cadi. Ya yi digirinsa na uku kan harshen Tera, ya zama daraktan farko na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, ya fitar da ƙamus na Hausa da Ingilishi tare da Roxana Ma Newman a 1977, sannan babban littafinsa na nahawun Hausa a 2000. Russell Schuh ya yi nasa aikin a Nijar daga 1965 zuwa 1967, a shirin yaƙi da jahilci na yankunan Agadas da Tawa. Daga baya ya yi nazarin Ngizim da Bade da Miya, ya rubuta kan karin waƙar Hausa, ya kuma shirya darussan bidiyo na Hausar Baka tare da Abdullahi Bature. William Miles ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya dawo ya zauna a ƙauyukan Yardaji ta Nijeriya da Yekuwa ta Nijar, ya wallafa Hausaland Divided a 1994, inda ya kwatanta abin da mulkin Ingila da na Faransa suka yi wa al'umma ɗaya da iyaka ta raba.

Abin lura a nan shi ne bambancin waɗannan da magabatansu. Bargery da Abraham sun shigo Hausa ta ƙofar mishan da mulki, suna sama, masu ba su bayani suna ƙasa. Ɗan sa-kai ya shigo ne a matsayin wanda ba shi da iko kan kowa sai 'yan ajinsa, yana buƙatar harshen don ya sayi gishiri, kuma yara na gyara masa karin sauti suna dariya. Kunnen da aka horar ta haka ya fi saurin kama maganar yau da kullum da bambancin karin harshe. Sai dai rashin daidaiton bai gushe ba. Daga cikin manufofi ukun nan na rundunar, ta ukun ce ta fi cika, wato Amurka ta san Hausawa. Sunan wanda ya koyi harshen yana bangon littafi, na masu dafa abinci da 'yan aji da tsofaffin majalisa da suka koya masa kuwa, in an yi sa'a, yana shafin godiya.

Nijeriya ma ta bi sahu a 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida da ministan harkokin waje Bolaji Akinyemi, ta kafa nata shirin na tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu-biyu. Malamin da ya tashi daga Kano ko Zariya ya je Gambiya ko Uganda a ƙarƙashin wannan shiri, shi ma baƙo ne mai koyon gaisuwa da lissafin kasuwa a bakin ɗalibansa.

A Nijar shirin Amurkawan ya tsaya ne a Janairun 2011, bayan da 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu a wani gidan abinci a Yamai, aka kwashe 'yan sa-kai 98 da ke ƙasar a lokacin. Ɓangaren labarin da ya rage a ɗauka yana bakin waɗanda aka koyar da waɗanda suka koyar da baƙin Hausa, kuma aiki ne na sassan Hausa na jami'o'in Yamai da Damagaram da Katsina da Kano, tun da da Hausa za a yi hirar. Yaron da ya shiga ajin farko na sakandare a 1962 yana ɗan shekara goma sha uku, yanzu ya haura saba'in da biyar.