Jikinka Na Ƙetare, Guzurinka Na Gida: Ina Araha Take?

Duk lokacin da aka tashi zancen 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, abin da ake fara ambata shi ne kuɗin da suke turowa gida, wanda Bankin Duniya ke ƙiyasta shi da kimanin dala biliyan 20 a shekara. Akwai kuwa wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba, wato waɗanda jikinsu na ƙetare amma abincinsu daga gida yake fitowa. A cikinsu akwai ɗalibin da ke karatu a Alƙahira mahaifinsa na Kano, da malamin jami'ar da ya tafi ƙaro ilimi albashinsa na shiga da naira, da mai jinyar da zai yi wata shida a Indiya, da dattijon da ya tare wurin 'ya'yansa a Ingila fanshonsa na taruwa a wani banki a Kaduna. Tambayarsu guda ce: ta wace hanya kuɗina zai iso hannuna ba tare da ya zube a hanya ba?

Na yi shekara huɗu a cikin wannan sahu lokacin da nake karatun digiri na uku a Malesiya, kuma har yau ɗalibai da abokan aiki masu shirin tafiya kan zo ofishina da wannan tambaya. Mafi yawansu so suke in ambaci sunan banki ko wata manhaja su kama. Ni kuwa abin da nake ce musu shi ne, ba a gane araha da kuɗin aikin da aka rubuta a allo. Ana gane ta ne da amsar tambaya ɗaya: nawa ya fita daga gida, nawa ya shiga hannu, cikin kwana nawa?

Dalili kuwa, kuɗin da ke tsallaka iyaka kafa huɗu yake yoyo ta cikinsu: kuɗin aiki, da farashin canji, da jinkiri, da haɗari. Na farkon ne kawai ake gani da ido, shi ya sa masu talla suka fi yin kururuwa a kansa. Mu ɗauki misali. Uba yana da naira miliyan ɗaya da rabi zai tura wa ɗansa. Hanya ta farko ta ce ba ta karɓar ko kwabo, amma za ta lissafa dala a kan naira 1,560. Ta biyu za ta cire naira 15,000, ta lissafa dala a kan 1,500. Ta hanyar "kyauta" dala 961 za ta isa, ta hanyar mai caji kuwa dala 990. Bambancin ya haura dala 28, kuma idan duk wata ake turawa, a shekara ya zarce dala 340, wanda a garuruwa da dama ya isa hayar ɗakin ɗalibi ta wata guda ko fiye. Da yayyafi kogi kan cika.

Katin banki shi ne hanya mafi sauƙi, amma tarihinsa ya nuna ba abin jingina ba ne. A shekarar 2022 bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa da katin naira a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar baki ɗaya. Sai a watan Yulin 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakar da ya gindaya. Wanda zai yi amfani da kati ya kula da abu biyu. Na farko, na'urorin cire kuɗi da yawa suna da tsayayyen caji a kan kowace cira, don haka cira ɗaya mai kauri ta fi ƙanana biyar. Na biyu, idan na'ura ko mai kanti ya tambaye ka ko a lissafa maka da kuɗin katinka ko da kuɗin ƙasar da kake, zaɓi kuɗin ƙasar. Tayin na farko kamar taimako yake, alhali dama ce kake ba mai na'urar ya yanka maka farashin da ya ga dama.

Kuɗin makaranta da na asibiti kuwa, hanyarsu ta hukuma ita ce Fom A, wanda ake cikewa ta intanet, banki ya tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun makarantar. Kafin watan Yunin 2023 riba ce babba a bi ta nan, domin farashin gwamnati ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa, sai dai mutum kan yi watanni yana jira. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin canji, tazarar ta ragu, amma amfanin hanyar bai gushe ba, saboda tana barin shaidar da ofishin jakadanci da makaranta za su yarda da ita. Abin lura a nan shi ne, tsakanin bankinka da na makarantar akwai bankin da ke shiga tsakani, shi ma yana cire nasa. Mai turawa ya nemi a caje shi duk kuɗin aikin tun daga gida, domin dala 20 ko 30 da ta yi giɓi na iya hana ɗalibi rajista.

Sai hanyar da mutanenmu suka fi sabawa da ita, wato ta 'yan canji da 'yan kasuwa. A biya naira a Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, wakilin mutum ya miƙa riyal a Jidda ko fam a Alƙahira kafin la'asar. A nan kuɗi ba ya tsallaka iyaka, amana ce ke tsallakawa. Haka ma musayar da ake yi tsakanin ɗalibi da ma'aikacin da ke son aika wa iyayensa kuɗi: ba ni fam a nan, a ba mutanenka naira a can. Ba na musun cewa sau da yawa wannan ce ta fi araha da sauri, kuma a wasu wuraren ma ita kaɗai ce. Sai dai a nan ne kafa ta huɗu ta fi faɗi. Idan kuɗin da ya shigo asusunka daga hannun wanda ba ka sani ba ya fito, kuma aka gano na zamba ne, bankunan Turai rufe asusun suke yi ba tare da dogon bayani ba, kuma kai za ka amsa tambaya. Ɗalibin da ya rage fam 20 ya rasa asusunsa a tsakiyar zango bai ci riba ba. Don haka a taƙaita wannan hanya ga wanda aka sani ido da ido, a ajiye shaidar kowace mu'amala, kuma kada a bi da kuɗin makaranta ta cikinta.

Matasa kan kawo zancen kuɗin kirifto. Gaskiya ne yana da sauri, amma ƙasan da yake tsaye a kai motsi yake yi. Babban Banki ya hana bankuna taɓa shi a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, sannan a Maris na 2024 kamfanin Binance ya daina hulɗa da naira gaba ɗaya. A ƙasashe irin su Masar da Aljeriya kuma doka ba ta sakar masa mara ba. Baƙon da ke zaune da bizar karatu bai kamata ya ɗora cinsa da shansa a kan abin da ka iya haɗa shi da hukuma ba.

Duk waɗannan ƙananan yoyo ne idan aka kwatanta da babbar ɓaraka, wato ajiye guzuri da naira alhali kashewa da wani kuɗi ake yi. A farkon Yunin 2023 farashin dala a hukumance bai wuce naira 460 da 'yan kai ba. Zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Iyalin da ke tura dala 500 a wata sun tashi daga neman naira 230,000 zuwa 750,000, ba tare da ɗansu ya ƙara ko loma ɗaya ba. A watan Mayun 2024 duniya ta ji labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila da aka umarta su bar ƙasar saboda sun kasa kammala biyan kuɗin makaranta. Ba almubazzaranci suka yi ba. Tanadinsu ne ya narke a cikin asusu. Maƙwabtanmu na Nijar sun tsira daga irin wannan, domin tun 1999 sefa 655.957 ce yuro ɗaya, uba a Damagaram ya san abin da kuɗinsa zai zama a Faransa. Mu da ba mu da wannan garkuwa, abin da ya rage mana shi ne asusun dala. Wanda ya san zai biya kuɗi da dala nan da wata shida, ya riƙa saye kaɗan-kaɗan yana ajiyewa. Ko da naira ta farfaɗo ya ɗan yi asara, ya sayi kwanciyar hankali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mutum ya hau jirgi, ya buɗe asusun dala ya karɓi katinsa, ya tabbata sunansa iri ɗaya ne a fasfo da BVN da NIN, ya mallaki katin bankuna biyu daban-daban, ya sanar da su zai yi tafiya. Ya kuma raya layin wayarsa na gida, domin ta nan lambobin tabbatarwa ke zuwa, kuma layin da ya daɗe a kwance kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani. Da ya sauka, ya buɗe asusu a ƙasar da zarar takardunsa sun ba shi dama, ya riƙa turo kuɗin wata uku a dunƙule maimakon na mako-mako.

Akwai kuma nauyin da ke kan hukuma. Mun ga himmar da ake yi wajen faɗaɗa ƙofar shigowar kuɗi: a 2021 har tukuicin naira 5 aka riƙa bayarwa a kan kowace dala da aka turo, a 2025 kuma aka fito da BVN na mazauna waje. Ƙofar fita ta halal kuwa ana kallonta kamar ɓarna. A 2024 an rage alawus ɗin ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura ƙasashe irin su Rasha da Maroko daga dala 500 zuwa 220 a wata, TETFund kuma ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025. Ko me za a ce game da hikimar waɗannan matakai, wanda ya riga ya tafi bisa alƙawari haƙƙinsa ne a cika masa. Ya kamata kuma Babban Banki ya tilasta wa bankuna da manhajoji su nuna wa mai turawa farashin canji da ainihin abin da zai isa, kafin ya amince. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin tsadar aika kuɗi ta sauko ƙasa da kashi 3 cikin ɗari nan da 2030, mu kuwa a Afirka kudu da Sahara muna kusa da kashi 8. Likita da injiniyan da ake fatan su turo dala gobe, su ne ɗaliban da ke jiran guzurinsu yau.

Kafin hukuma ta motsa, iyaye da masu tafiya su riƙe alƙalami. A rubuta abin da ya fita, da abin da ya isa, da kwanakin da ya ɗauka, a kwatanta hanya biyu ko uku duk bayan 'yan watanni, domin wadda ta fi sauƙi bana ba lalle ta fi baɗi ba. Gumin iyaye ne ke tafiya a cikin waɗannan lambobi, bai kamata a bar shi ya tsiyaye a hanya ba. Allah Ya dawo mana da matafiyanmu lafiya.