Batirin Wayar Salula: Inda Jarin Ɗan Kasuwa Yake Zurarewa

Legas — Tun daga shekarar 2001 da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, wayar ta tashi daga kayan alfarma ta koma kayan aiki. Dillalin hatsi a Dawanau da mai kawo tumatir kasuwar Mile 12 ta Legas duk da ita suke jin farashi, da ita suke karɓar kuɗi. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da kuma sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekarar, farashin wayoyi, waɗanda daga waje ake shigo da su, ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka tsawon ran waya ya zama batun lissafi, kuma a cikin waya babu abin da yake saurin tsufa kamar batir.

Wutar da waya take sha ba ita ce asarar ba. Batir mai ƙarfin mAh 5,000, irin wanda yake cikin wayoyi da yawa na Tecno da Infinix da Samsung, yana ɗaukar wat-awa 19 ko kusa da haka. Wanda ya cika shi kowace rana zai sha yunit 7 na mita a shekara, ko kuma ƙasa da 10 idan an haɗa da abin da caja take ɓatarwa. Ko a farashin Naira 225 kowane yunit da aka sanya wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, kuɗin bai kai Naira 2,500 ba. Asarar gaske tana cikin batirin da ya mutu kafin lokacinsa, da cinikin da ya wuce sa'ad da waya take a kashe.

Batiran wayoyin yanzu na sinadarin litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Kowane caji da kowane amfani yana rage wani ɗan abu daga ƙarfinsa, kuma abin da ya ragu ba ya dawowa. Ana auna wannan da zagaye: idan aka sha rabin batir yau, aka cika, aka sha rabi gobe, zagaye ɗaya ke nan. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera batiran wayoyinsa na iPhone 14 zuwa baya don su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuwa bayan zagaye 1,000. Ga ɗan kasuwar da yake ƙarar da batir guda a rana, zagaye 500 shekara ɗaya ce da wata huɗu da 'yan kwanaki. Wannan kuma idan an kula da shi ne.

Babban abokin gaban batir shi ne zafi, kuma a nan ne yanayinmu yake cutar da mu. Apple ya yi kashedin cewa zafin da ya haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyos yana iya rage ƙarfin batir har abada. A Sakkwato da Maiduguri, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a inuwa. Wayar da aka bari a gaban gilashin mota da rana, ko aka jona ta aka tura ƙarƙashin matashi, ko ake kallon bidiyo da ita tana kan caji, zafi biyu take sha, na gari da na kanta. Haka ma a rumfunan caji na kasuwa, inda ake jibga wayoyi a kan juna ƙarƙashin kwano. Mai rumfa ba shi da laifi, sana'arsa yake yi, amma mai waya yana iya cire mata riga ya roƙi a ajiye ta a gefe inda iska take.

Abu na biyu shi ne yawan cikawa da yawan ƙarewa. Har yanzu ana jin masu cewa sai sabuwar waya ta kwana a caji, ko kuwa sai batir ya mutu murus kafin a jona shi. Wannan shawara ta zamanin batiran nikel ce, ba ta dace da na litiyam ba. Batirin litiyam ya fi lafiya tsakanin kashi 20 zuwa 80, kuma daɗewa a kashi 100 ko a sifili yana gajiyar da shi. Ƙaramin caji sau uku a rana bai cutar da shi ba. Kamfanoni sun amsa wannan da kansu: Apple ya kawo tsarin jinkirta cika batir da dare a 2019, kuma wayoyin Samsung da wasunsu suna da maɓallin da yake tsayar da caji kafin ya kai 100.

Sai dai a faɗi gaskiya, wanda bai san lokacin da wuta za ta dawo ba, ba a ce masa ya tsaya a kashi 80. Ranar tafiya ko ranar kasuwa a cika waya, domin an sayi batir ne don ya yi aiki. Mafita mai sauƙi ita ce fawa banki mai kyau. Shi ya cika, ita waya ta riƙa sha kaɗan-kaɗan, tun da sauya shi ya fi arha a kan buɗe waya. A sani kuma cewa mai ɗauke da rubutun 10,000 ba ya ba waya duka. Kusan kashi biyu bisa uku ne yake isa gare ta.

Caja ma abin dubawa ce. Ta jabu ba ta daidaita wuta yadda ya kamata, ga shi ƙananan janaretoci wutarsu hawa da sauka take yi. A bar injin ya daidaita kafin a jona waya, a kuma zare caja idan an ɗauke wuta, saboda ƙarfin da takan dawo da shi. Rarar da aka samu wajen sayen caja mai arha ba ta kai kuɗin gyara ba.

Dangane da ƙarewar caji a yini, hasken fuskar waya ne kan gaba, sa'an nan raunin sabis. Waya tana ƙara ƙarfin neman tasha a inda sabis ya yi rauni, mai layi biyu kuma neman biyu take yi. Direban da yake ratsa dajin da babu sabis gara ya sa ta a yanayin jirgin sama har ya shiga gari.

Masu shagunan waya a Computer Village ta Ikeja da Farm Centre ta Kano su lura da hajar da take kwance. Wayar da za ta daɗe a ajiye ana barin ta da rabin caji, a kashe, a wuri mai sanyi, a kuma ƙara mata duk bayan wata shida. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi kuwa ba a jinkiri da shi. A daina jona shi, kada a huda shi. Gobarar batir ce ta sa Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016.

Daga watan Yuni na 2025, Tarayyar Turai ta wajabta cewa sababbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta su riƙe kashi 80 bayan zagaye 800, a kuma samar da kayan gyaransu har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin. Dokar ba ta hau kan kasuwarmu ba, amma wayoyin hannu da ake kawowa daga can za su zo da amfaninta. Mai sayen irin wannan waya ya buɗe shafin lafiyar batir, idan wayar tana da shi, kafin a yi ciniki. In ya ga adadin ya kusa 80, ya cire kuɗin sabon batir daga farashin da aka gaya masa.