Neman Wurin Karatu a Abuja: Abin da Baƙo Zai Duba a Gidan Kofi

Matashin da ya koma Abuja yana neman wurin karatu zai tarar ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka soma tun 2006, bai kammala ba. Gidajen shan kofi na Wuse 2 da Maitama ne suka cike gurbin, amma da kuɗi.

Wuta ce abin dubawa na farko. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin lantarkin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, nauyin da masu shago kan ɗora wa mai saye. Kafin a zauna, a tambayi ko akwai sola, wurin caji da intanet mai ƙarfi. Ɗalibin da aljihunsa bai kai ba kuwa, gida yake komawa jiran wuta.