Damagaram: Mu Leƙa Birni Kafin Mu Koma Tasha

Mu 'yan kasuwar Matameye, maza da mata, ba baƙi ba ne a Damagaram. Mota ta bi da mu ta Takeita, mu sauka Kasuwar Dole ranar Alhamis, mu yi sari, mu juyo kafin magariba. Amma mu nawa ne muka taɓa taka ƙafa cikin Birni?

A can fadar Sarkin Damagaram take, ga dogarai da jajayen riguna a ƙofa, ga lunguna suna kewaya manyan duwatsu. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya zagaye garin da ganuwa, kuma a zamaninsa ayarin raƙuma daga Tarabulus kan sauka a unguwar Zango kafin ya wuce Kano. Wato fatauci irin namu ne ya gina gidajen nan masu zanen ado a fuska. Faransawa sun kama garin a 1899, kuma nan ne hedikwatar Nijar daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai.

Abin takaici, ganuwar saura guntaye, ga damina tana cin tsofaffin gidajen ƙasa, ana maye gurbinsu da bulo da kwano.

Saboda haka in mun je sari, mu bar kaya a hannun amintacce ko na awa guda ne. Mu shiga da safe kafin rana ta take, mu nemi izinin dogarai kafin ɗaukar hoto, sannan mu biya wajen dukawa mu taya jaka da takalman fata.